Na Ɓoye wa Dakta Haulatu Digirina

Anti Basiratu, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana.

Gadi nake yi a wata cibiyar bincike a Doha, shekara biyu ke nan. A unguwar Najma nake zaune, mu shida a ɗaki ɗaya, kuma ko su ba su san ina da digiri a kimiyyar sinadarai ba. Da na gaji da yawon neman aiki a gida, ninke takardar na yi na jefa ƙasan akwati.

Akwai wata Bakatsiniya a wurin, Dakta Haulatu. Wallahi ban taɓa ganin mai haƙurinta ba. Wata rana ta roƙe ni in kai mata kwalabe saman bene. Ruwan masana'anta ne a ciki, shuɗi, mai warin magani. Ta zuba wani farin gari, ta jera su a rana. Kafin la'asar ruwan ya yi garau! Ta tsaya cikin zafin nan tana yi mini bayani da Hausa, cewa haske ne ke tayar da garin, shi kuma ya farfasa dattin. Har ta gargaɗe ni kada tsabtar ido ta ruɗe ni, sai gwaji ya tabbatar. Ni kuwa sai gyaɗa kai nake kamar baƙon zancen. Hankalina na kan kududdufin bayan gidanmu, inda mahaifina marini yake zubar da ruwan rini, ko kwaɗo ba ya zama a ciki.

Yanzu tana neman mataimaki, ranar Alhamis za a rufe karɓar takardu. In na nema, kada ta ce na raina mata hankali. In kafil ɗina, wato ubangidan da ya kawo ni ƙasar, ya ji, ban kuma samu aikin ba, ina tsoron ya sallame ni. Ko in ci gaba da shiru?

Mai Gadi, Najma

Ƙanena,

Ba yaudara ka yi ba, kunya ce ta riƙe ka, amma ta isa haka. Wadda ta tsaya a rana tana koyar da mai gadi ba za ta ji haushi don ta gano ɗalibinta ya yi nisa ba. Daɗi za ta ji.

Tsoronka na kafil kuwa yana kan hanya, kada ka yi wasa da abincinka. Ka karanta yarjejeniyarka, ka tambayi masani yadda ake sauya wurin aiki, kuma kada ka ajiye gadin sai takardar sabon aiki ta shigo hannunka.

Gobe ka ciro digirin, ka same ta a ofis, ka gaya mata gaskiya a taƙaice. Kada ka cika baki. Shekaru sun ja, sai ka sake bita. Mai yiwuwa a ɗauki wani. Ko da hakan ta faru, ta san ko kai wane ne, ka kuma samu malama.

Kada ka kai Alhamis. Allah Ya buɗa maka, Ya ƙara wa Dakta basira.

Anti Basiratu