Kun Adana Lamba, Kun Ƙone Suna

Zuwa ga Shugaban Sashen Ajiye Bayanai na Jami'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da injinku da aka ware wa ɗaki mai sanyi.

Ranka ya daɗe, ni tsohon malamin gona ne a Malumfashi. A shekarun fari na bi ƙauyuka a kan keke, daga Ƙarfi har Danja, ina rubuta wace dawa ce ta nuna da ruwa kaɗan, kuma a rumbun wa take. Littafi goma sha ɗaya na cika. Malamanku suka zo har gida suka roƙa, wai za a zuba su a kwamfuta, wadda ba ta mantuwa. Na ba su.

Na farko, bara damina ta sake ɗaukewa da wuri. Manoma suna ta sallama a ƙofata suna tambayar inda za su sami wancan iri. Ban riƙe sunayen a ka ba. Da zan iya, ai da ban rubuta ba.

Na biyu, sau uku ina shiga mota daga Malumfashi, in bi ta Funtuwa, zuwa ofishinku. A zuwa na uku aka miƙo mini takarda mai tsawon rawani, lambobi zalla: ƙauye na 14, manomi na 62, iri na 6. Na yi karatu daidai gwargwado, amma ban taɓa jin garin da ake kira Sha Huɗu ba.

Na uku, da na nemi takardar da ke fassara lambobin, aka ce malamin da ya tsara su ya koma ƙasarsu da ita. Da na nemi littattafaina, aka ce an ƙone su tare da tarkace don a sama wa faifan kwamfuta wuri. Wannan ba ajiya ba ce, ɓarna ce, kuma masu digiri ne suka yi ta.

Ina roƙo ka rubuta wa malamin nan a makon nan. Ka hana a sake ƙone asalin rubutun kowa. Ka kuma ba ni mota da ma'aikaci ɗaya mu sake bin ƙauyukan kafin ruwan shuka, saura wata biyu.

Manomi na 62 mutum ne, yana da iyali, kuma bana akwai yunwa. In ya daka irin nan ya yi tuwo kafin mu same shi, kwamfutarku ba za ta haifo ko ƙwaya ɗaya ba.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare takardunka daga irin ajiyar da aka yi wa nawa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin gona, Malumfashi