Farfela Ta Sare Yatsun Lawal

Yaya Aminu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau, ban da Lawal ɗan Kawu.

Jirgin rimot mai injin fetur da ka aiko, na so mu sa masa sarbo, wato ƙaramar motar da rimot ke juyawa, mu riƙa buɗe cok na tayar da inji daga nesa. Lawal ya ƙi, wai ƙarin nauyi ne, hannu ya fi. Ranar Asabar a hanyar Kurfi, inji na tashi ya miƙa hannu, farfela ta sare masa yatsu biyu. Jini har fuskata, ya faɗi yana salati. An ɗinke ɗaya, ɗayan ya tafi.

Jiya ya ce, "Sa sarbon, Bashir, ni na bar jirgi."

A sa shi a addu'a. Gaida yara.

Ƙaninka,
Bashir