Ajidan da Ƙwaryar Inna

Litinin, 15 ga Maris, 1993

Ajidan ta sake mutuwa, daidai tsamiyar bayan tasha. Tari biyu, farin hayaƙi, shiru. Motar sojan da ta yi shekara ashirin tana keta yashi, yau jaki ya wuce ta, mai jakin har da yi mini sannu.

Buron zaɓe na Agye, wato ofishin zaɓe, sun ba ni jigilar akwatuna zuwa ƙauyukan bayan Gangara ran Jumma'a 26, don babu kamiyon da ke shiga yashin can in ba ita ba. Yaya Sabo kuma ya aiko matata Barira da saƙo, tunda wata biyu ke nan ba ma magana saboda jam'iyya: in motar ba ta kai akwatunan ba, zai kira masu yankan ƙarfe daga tsallaken iyaka. Gadon Baba ce, rabi nasa, ba ni da bakin hanawa.

Talata, 16

Na cire iska daga famfo, na sauya filta. Ta tashi da ruri har kajin Inna suka watse. Na shiga gida ina taƙama, Barira ta ce in jira gobe.

Laraba, 17

Barira ta yi gaskiya, abin haushi.

Alhamis, 18

Ƙaramin famfon da ke jawo mai lafiyarsa lau, na kwance na duba. Saura tiyon da ya taso daga tanki. Busa shi da baki ake yi, ga azumi. Na tambayi liman, ya ce in ban haɗiye ba babu komai, amma ya kalle ni kamar ya san hali na. Na busa, na tofar, na yini da ɗanɗanon man gazuwal. Ko kunun shan ruwa warin tasha yake yi mini.

Asabar, 20

Dabara ta zo. Na ɗaura bido, wato jarkar mai, a kan rufin gaba, na jawo tiyo kai tsaye zuwa filta. Muka je Gazawa da yamma muka dawo, ko tari ba ta yi ba. Ashe ciwon a tanki yake. Na kwance kusar ƙasa, sai ga ruwa ya riga mai fitowa, baƙi-baƙi, ya kusa cika kwanon sha. Na wanke tankin tas.

Na tafi wurin Kadi mai sayar da gazuwal na zazzage masa. Ya cika farar kwalba da mansa ya miƙo mini, wai in ajiye ta kwana, in ruwa ya kwanta a ƙasa in zo in kwashe rumfar. Inna ta tambaye ni jikin motar, kamar mai tambayar majinyaci. Na ce da sauƙi.

Lahadi, 21

Kwalba garau. Sai na je ba Kadi haƙuri, ya sha dariyarsa.

Litinin, 22

Ruwa kuma a tanki! Baƙi, irin na shekaranjiya. Ba sama ya faɗo ba a wannan rani, zuba shi ake yi. Wa ke son ta mutu? Ba na son rubuta sunan, amma shi ne ya yi maganar masu yankan ƙarfe, kuma bayan gidansa take kwana. Raina ya ɓaci ƙwarai. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya koya mini riƙe sitiyari ina zaune kan cinyarsa.

Barira ta ce in kama da idona kafin in buɗe baki.

Talata, 23

Zan rubuta wannan dalla-dalla, don jikokina.

Da na dawo sallar asuba ban shiga gida ba, na haye bayan motar na kwanta cikin tamfol. Gari ya fara haske sai na ji tafiya a hankali, da ƙarar murfin tanki. Na diro da kile, wato sifana, a hannu, na shirya maganganun da zan gaya wa Sabo tun jiya.

Inna ce. Tsaye kan turmi, da 'yar ƙwarya, tana bismilla tana tsiyayawa.

Na ce, "Inna, me kike ba ta?"

Ta ce, "Rubutu na. Kai da kac ci wuya da ƙyanda, mi munka ba ka? Kwana goma ina ba ta, kullum kana hwaɗin da sauƙi."

Na zauna a ƙasa. Dariya ta kama ni har hawaye, ita kuwa ta tsaya tana harara ta, wai ba a yi wa magani dariya. Na yi mata bayani cewa wannan majinyaciyar ba ta shan ruwa ko na zamzam ne. Ta ce to ai ba ta ga amfanin yayyafawa a jiki ba, shi ya sa ta nemi bakin.

Nan na tambayi wanda ya ce a yayyafa. Ashe Sabo ne. Tun da motar ta fara ciwon filta farkon azumi, ya hau babur har Cadakori wurin wani malami, da ƙishirwa da komai, ya kawo rubutu jarka guda. Ya ce ta riƙa yayyafa wa motar da safe, kuma kada ta gaya mini.

Dariyar ta ɗauke. Kunya ta rufe ni.

Laraba, 24

Sallah. Kowa da sabuwar riga, ni ina ƙarƙashin Ajidan ina wanke tanki karo na biyu. Na sa maƙeri ya yi wa murfin marataya, na saya mata kwado. A filin idi na hango Sabo, na kasa ƙarasawa.

Jumma'a, 26

Akwati goma sha huɗu, jandarma biyu, wakilan jam'iyyu. Na duba madubi, sai ga Sabo cikinsu, shi ne wakilin tasu. A yashin rafin Gangara ta nutse har cibiya, duk suka sauka turi, masu adawa da juna kafaɗa ɗaya. Muryarsa ta fi ta kowa, yana kiran ta da sunanta. Ta fita. Ƙauye na ƙarshe mun kai kafin la'asar, ko tari babu.

Lahadi, 28

An yi zaɓe jiya, ana jiran sakamako a rediyo. Na je gidansa gaisuwar Sallah, kwana huɗu a makare. Na tsuguna, abin da na daɗe ban yi ba. Ya ce shi ba kuɗin ƙarfe yake so ba, ganin ta tsaye a mace inda Baba ke ajiye ta ne ba ya iya jurewa. Ban gaya masa abin da na zarge shi da shi ba, ba kuma zan gaya masa ba. Har gobe jam'iyyarsa ba ta yi mini ba.

Kwadon tankin makulli biyu gare shi. Na bar ɗaya a kan tabarmarsa da zan tashi. Don kada nawa ya ɓace ne kawai.