Dattijon da Ya Yanke Tsinin Ƙugiyoyinsa

Apa Mehmuda,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Kwana goma sha biyu suka rage mini kafin zamanmu na bana, kuma kaina ya ɗaure tamau.

Ni malamin makaranta ne a garin Anantnag. Mu shida ne muke fita kamun kifi da ƙuda, yau shekara goma sha tara. Na san ba harkarki ba ce. Ba ma sa tsutsa, ba ma sa ƙullu. Gashin zakara da zare muke ɗaurewa a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙuda, mu wurga a kan ruwa, kifi ya taso ya cafke. Matata cewa take mu manya ne da gemu, amma mun ƙare a yi wa kifi ƙarya.

Kowace shekara kafin ƙanƙara ta gama narkewa mukan taru a ɗakina, kowa da ɗan kaskon wutarsa na jin ɗumi a cikin riga, ga shayin gishiri ga burodi mai zafi, mu tsara fitar shekara gaba ɗaya. Fita goma sha biyu, daga Afrilu zuwa Satumba. Ni ke riƙe da kalandar, ni ke neman takardun izini. Rafin da muke zuwa a yanke yake yanki-yanki, kuma mutum biyu kacal ake bari a yanki ɗaya a rana, don haka kullum yanki uku nake nema mu rarrabu bibbiyu. Wa zai je ina, kuma da wa, ƙuri'a ce ke rabawa. Mukan zuba sunaye a hular Sona Kak a girgiza.

Sona Kak shi ne ya koya mana duka. Sunansa na yanka Sonaullah Rather, Kak ɗin laƙabin girmamawa ne, tsohon tela, yanzu ya haura saba'in da biyar. Shi ya riƙe hannuna ranar da na fara wurgi, na maƙale ƙugiya a kunnena, ya cire yana cewa aƙalla na kama wani abu mai rai. Saboda girmansa akwai abu ɗaya da ba ya shiga ƙuri'a: ranar buɗewa da ranar rufewa, yankin gadar katako a rafin Bringi nasa ne. Abokin tafiyarsa kawai ake cirowa daga hula. A nan ne gurbin da ya fi kowane kifi, kuma a ranakun nan biyu ne kowa ke kwaɗayinsa.

To shekara uku ke nan Kak bai saka kifi ko ɗaya a kwando ba. Ko ɗaya, Apa. Mutumin da a da sai dai a roƙe shi ya bar wa na baya. Yanzu zai shiga gaba, ya wurga wurgin nan nasa mai kyau da har yau ba mai yinsa a cikinmu, kifi ya taso, a ga ruwa ya fantsama, shi ke nan. Sai ya ce, "Kash, ya fi ni wayo. Zo ka gwada nan, ɗana, ni hannuna ya yi sanyi," ya matsa gaba. Haka zai wuni. Mu dai muka ce tsufa ne, muka rufa masa asiri, ba mai tanka maganar.

Ranar rufewa ta bara ni ƙuri'a ta haɗa da shi. Da la'asar santsi ya ɗan kwashe shi a kan dutse, bai faɗi ba, amma gwangwanin ƙudajensa ya suɓuce ya watse. Na durƙusa ina tsincewa. Na ɗauki na farko, ba tsini. Na ce karyewa ya yi. Na biyu, ba tsini. Apa, ƙudaje sun fi arba'in, kowanne an datse ƙugiyarsa daidai wurin lanƙwasa, an goge wurin sumul da magagari. Aikin tela ne, ba aikin dutse ba. Ko kifin ya haɗiye ƙudan har ciki ba abin da zai riƙe shi. Na ɗago muka haɗa ido. Ya karɓi gwangwaninsa ya sa a aljihu, ya ce, "Rana ta yi sanyi, Malam, mu nemi mota." Har muka iso gida zancen tsadar gawayi yake yi mini.

Wata biyar ke nan abin yana cina. Ba fushi nake ba, so nake in sani. Me zai sa mutum ya tashi da asuba, ya sha jijjigar mota awa biyu, ya tsaya cikin ruwan ƙanƙara har gwiwa da ƙugiyar da ya san ba ta kamu? Na lura kofin shayi yana ɗan rawa a hannunsa, na ce ko ya kasa cire ƙugiya daga bakin kifi ne kuma yana kunyar neman taimako. Amma hannun da ke ɗaure ƙuda ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa? Sai na tuna shekara uku ke nan da rasuwar matarsa, wadda ita kaɗai ke dafa masa kifi da farin radish, saiwar nan mai kama da karas, yadda yake so. Ko ba wanda zai kai wa ne? Ko alwashi ya ɗauka? Matata ta ce in daina yi mata lissafin dattijon mutane a kan abinci.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙaramin cikinmu, Tanvir Ganai, mai shagon gyaran waya, ya ce a zaman bana zai kawo maganar a soke gatan nan, gadar katako ta shiga hula kamar ko'ina. Ya ce mini, "Malam, ina ganin girman Kak, amma gurbi ba masallaci ba ne da za a je a zauna jan carbi. In kallon ruwa yake so, ga gada nan, kyauta ce." Dakta Kuchay ya yi dariya bai ce a'a ba, sauran biyun kuma duk inda iska ta kaɗa. Abin haushin ma, shi Tanvir ɗin ne ƙuri'a ta haɗa da Kak ranar buɗewar bara, ya cika kifi shidan da izini ya yarda wa mutum a rana kafin azahar, har yau hoton yake nuna wa masu kawo gyara. Shi ma Dakta babban kifin da ya taɓa kamawa a rayuwarsa a bayan Kak ya kama shi, bara waccan. Ni kaina ranar gwangwanin na samu biyar. Mu muna ta sa'a, dattijo yana komawa da kwando wayam.

Ba wanda ya san zancen ƙugiyoyin sai ni. In na faɗa, magana ta ƙare, za su ce da gangan yake ɓata gurbi. In na yi shiru na kare shi, na ɓoye wa abokaina gaskiya a kan abin da su ma suke da haƙƙi a ciki. Kuma na san Kak. Ranar da aka jefa sunansa a hula a kan gadar katako, murmushi zai yi ya ce daidai ne, daga nan ba za mu sake ganinsa a bakin rafi ba. Wallahi tunanin haka kawai yana sa ni jin wani iri.

In tambaye shi? In gaya musu? Yaya zan rubuta kalandar nan? Kuma ke a ganinki, me yake yi da ƙugiya marar tsini?

Mai Riƙon Kalanda,
Anantnag

*

Malam Mai Riƙon Kalanda,

Ka sa na bar shayina ya huce. Ban taɓa riƙe sandar kamun kifi ba, amma ƙanin mijina ya ƙarar da ƙuruciyarsa a rafukan nan, don haka na kira shi na yi masa tambaya ɗaya ba tare da na ambaci kowa ba: kifin da ya cafki ƙuda bai ji ƙarfe ba, yana sake tasowa? Ya ce sau da yawa yana tasowa, in an ba shi ɗan lokaci. Wanda tsini ya taɓa ne ke nutsewa ya ƙi fitowa har dare.

Yanzu koma ka karanta wasiƙarka. Dattijo ya shiga gaba, ya tayar da kifi, ya kira na bayansa ya tsaya daidai wurin, ya matsa. Tanvir ya cika shida, Dakta ya kama na tarihi, kai ka samu biyar. Kai malami ne, in ɗalibai uku suka ci jarrabawa a kujera ɗaya ai ka duba wanda ke zaune kusa da su. Ka kira abin sa'a, ni ban ga sa'a ba. Na ga mutum yana nuna muku inda kifi yake kwance, ɗaya bayan ɗaya, yana kuma barin ku da alfaharin.

Ban ce wannan ne dalilinsa ba. Rawar hannun na iya zama gaskiya, rashin matarsa ma haka, kuma mai yiwuwa duka ukun ne suka haɗu, shi kansa bai rarrabe su ba. Ni dai abin da ke faruwa a bakin ruwa na nuna maka. Abin da ke zuciyarsa nasa ne.

Tanvir kuma bai yi laifi ba, kada ka riƙe shi a rai. Gurbin na mutum biyu ne, ranakun biyu ne a shekara, kuma matashi yana da haƙƙin ya tambayi dalilin al'adar da ya tarar. Bakinsa ne ya fi hankalinsa sauri. Ka ba shi wani abu na gaske: cikin fita goman da ke tsakiya, ka nemi gadar katako sau biyu ko uku fiye da yadda kuka saba, duk su shiga hula. In izini ya yi wuya, kai ka janye sunanka daga ƙuri'ar wurin a bana. Mai riƙon kalanda shi ya kamata ya fara sadaukarwa kafin ya nemi wani ya yi haƙuri.

Zancen ƙugiyoyi kuwa, kada ya fita daga bakinka a zaman nan. Ba ka same shi ta hanyar da za ka raba ba, gwangwani ne ya faɗi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma ba ka cuci kowa da shirunka ba, domin ba wanda ya yi asarar kifi ko ɗaya saboda Kak. Abin da za ka faɗa a fili ya ishe ka: ka tambaye su, kowa ya tuna ranar da kwandonsa ya fi nauyi cikin shekara ukun nan, da wa yake tare? Ka yi shiru ka bar su su lissafa. Tanvir yana da hoton a waya, sai ya duba wanda ke tsaye a gefe.

Sai tambayarka, wadda na ga ta fi kalandar damunka. Kada ka tsare dattijo da ita kamar mai bincike. Ya san ka gani, ya kuma zaɓi zancen gawayi. Kafin zaman, ka sayi burodi ka je gidansa da safe da kayan ɗaurinka. Ka ɗaure ƙuda ɗaya a gabansa, ka datse tsininsa, ka goge, ka ajiye masa a tafin hannu. In ya so magana, ka buɗe masa ƙofa. In ya juya shi ya ce gashin ya yi yawa a wuya, to ka karɓi gyaran ka sha shayinka. Ni ma ina son sanin amsar kamar yadda kake so, amma ba bashinmu ya ci ba.

Ka rubuta sunansa a ranar buɗewa da ranar rufewa, da tawada. Akwai shekarar da za ka zauna da kalandar nan ka tarar ranakun biyu ba kowa a kansu, hular ma sai kun nemo wata. A ranar Tanvir zai samu ƙuri'arsa ba tare da ya roƙa ba, kuma ina tabbatar maka ba zai ji daɗinta ba. Kada ku jawo ta kusa da hannunku.

Allah ya ƙara wa Sona Kak lafiya da nisan kwana, ya ba ku ruwa garau a Afrilu, ya dawo da ku gida ku shida cif.

Apa Mehmuda