Layun da Na Binne na Motar Baba

Daga Daura, zuwa ga Yayana Harisu a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin ta ƙani ga yayansa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Firdausi da yara. Allah Ya raba ka da ciwon bayan nan, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Iya ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, wanda ka san shi ne alamar lafiyarta. Ƙanwarmu Maijidda ta sauka ranar Talata, an sami mace, uwa da ɗiya suna nan ƙalau. Hadari ya fara haɗuwa, mutanen Baure ma har sun yi shuka.

Na zaɓi takarda ne domin a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Maganar motar marigayi Baba ce, jar nan mai ƙofa biyu da rufi mai ɓangare biyu da ake cirewa. Ka ce in damina ta kama rufin yana yoyo, a kira 'yan gwangwan su ɗauke ta, gara haka da ta ruɓe a gabanmu. Ban ga laifinka ba, don bara ruwa ya jiƙa kujerar direba har ta yi funfuna. Makanikai uku na kira kafin nan. Na farko ya bi rufin da guduma, na biyu ya shafe shi da gam, na uku ya ce a yi masa walda kowa ya huta. Duk da haka, da an hau titi iska ta dinga fito ta gefen direba.

Sai Allah Ya haɗa ni da Ikrima, ɗan gidan Maiturare maƙwabcinmu na da, wanda yanzu yake da garejinsa a hanyar Kano. Yaya, ban taɓa ganin mai sana'a da natsuwarsa ba. Da ya zo gida duba motar, ya fi awa ɗaya bai taɓa sufana ko wani ƙarfen aiki ba. Ya cire ɓangarorin biyu ya jera su a kan tabarma, ya duba ya ce babu wanda ya lanƙwashe. Sannan ya goga alli a jikin robar da ke zagaye da bakin rufin, ya mayar, ya kulle, ya sake cirewa. Alli ya fito ko'ina a jikin rufin, ban da kusurwar baya ta gefen direba. Ya sa 'yar takarda a wurin ya kulle, ya ja, ta zare salin alin, alhali a ɗaya gefen sai da ta yage. Daga nan ya ce laifin ba na rufin ba ne, ba kuma na robar ba. Jikin motar ne ya ɗan karkace tun da daɗewa, shi ya sa ƙarfen da sakatar rufin ke shiga ya kauce, ba ta jan rufin ya matse.

Da ya kwance ƙarfen, sai ya nuna mini tabo uku a ƙarƙashinsa, ƙanana masu kusurwa huɗu, inda tsatsa ba ta ci sosai ba. Ya ce akwai abin da ya yi shekaru a nan yana tallafe da ƙarfen, wani ya cire. Ya tambaya ko na san wanda ya yi haka. Dole na amsa masa cewa ni ne. Bayan sadakar arba'in ɗin Baba na cire rufin zan wanke motar, na hango wasu 'yan ƙulle-ƙulle uku na fata, an ɗinke su tsaf. Ni da guntun karatuna sai na yanke cewa layu ne. Na kwance ƙusoshi na zaro su, na binne a bayan garka, ina ganin na rufa wa Baba asiri. Ban gaya wa kowa ba sai ranar nan. Rashin sani ya fi dare duhu.

Iya tana zaune a rumfa tana jin mu. Na zaci faɗa za ta yi, sai ta yi ta dariya har tana share hawaye da bakin mayafi. Ta ce shekarar da aka haife ka Baba ya kauce wa shanu a hanyar Baure ya faɗa kwalbati, tun daga nan rufin bai ƙara zama daidai ba. Ya yanka tsohon tub na taya ya cusa, amma yana zamewa. Ita ce ta ce ya kawo, ta naɗe robar a cikin fatar wani tsohon matashi ta ɗinke. Kowace bazara sai ta sabunta su, su biyu a rumfar nan, yana riƙe da rufin tana gwadawa. Har kaurinsu ta tuna: na gaba ninki ɗaya, na tsakiya biyu, na baya uku. Ikrima ya auna ratar da ma'auninsa, ya ɗago ya dube ta, ya ce ko gashi ɗaya ba ta kuskure ba. Ya ce yana da washa, ɗan faifan ƙarfen nan da ake sa wa ƙusa, da za ta yi aikin, amma in Iya za ta iya, ɗinkinta ya fi so ya saka. Wannan magana tasa ta ƙara masa girma a idona.

A ranar ta ɗinka sababbi, da tabarau a hanci, ni ina zura mata zare a allura ina shan ba'a. Ikrima ya jera su, ya ɗaure ƙusoshin kaɗan-kaɗan yana sake gwajin alli, sai da layin ya zagaye ba yankewa. Da za a gwada da ruwa, Iya ta ce ita za ta shiga. Rabonta da motar tun ranar da aka kai Baba asibiti. Ta zauna a kujerarta ta da, ta ɗora tafin hannu a kan kujerar direba. Bokiti uku Ikrima ya sheƙa, ko ɗigo bai sauka ba. Ta daɗe ba ta fito ba, mu ma ba mu buɗe ƙofar ba. Da ta fito, abin da ta ce kawai shi ne, “Ka gaya wa Harisu, in sayarwar ta zama dole, ya bari a kai ni makwancina tukuna.”

To Yaya, ka ji saƙon. Kai ne babba, maganarka ce magana, amma ina roƙonka ka janye ta. Motar ba ta da laifi, ni ne mai laifin, kuma na karɓa.

Ka gaishe mini da Anti Firdausi, da Mansur, da Khairunnisa. Iya tana sa muku albarka, iyalina Zubaida da Siddiƙa suna gaisuwa. Jiya na tona bayan garka na sami ɗaya daga cikin tsofaffin ukun, ɗinkin bai ko warware ba. Ga shi nan cikin ambulan, ka ga aikin hannun mahaifiyarka. Don Allah kada ka binne.

Naka ƙaninka mai biyayya,
Munzali.