Kunnen Takwararki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima. Na san masu karatu a waya za su riga ki ganin wannan wasiƙa. Su karanta, ba sirri ba ne.

Autarki Rakiya ta haihu. Mace ce, an sa mata sunanki, muna ce mata Ummi. Wannan ne labari mai daɗin. Sauran sai kin yi haƙuri.

Kin bar Rakiya baƙa mai sheƙi irinki. Da za ki gan ta bara, sai an gabatar miki da ita. Tun da aure ya kawo ta Abuja ta gano wani shago a kasuwar Wuse, inda ake haɗa man shafawa a robobi marasa suna, mai shagon na rantsuwa duk itatuwa ne. Ta yi fari tas, ban da gaɓoɓin yatsunta da suka ƙi sauya sheƙa. Da na yi magana ta ce, "Yaya, ba fari nake nema ba, tsufa nake gudu." Ita da ko furfura ɗaya ba ta da.

Ban ga laifinta ita kaɗai ba. Garin nan ba ya son tsufa. A ma'aikatarmu akwai manya masu rina gemu duk Lahadi, don fuska ta dace da shekarun da suka rage a takarda. Wanda ya koya mini aiki ma yanzu a takarda ƙanena ne.

Gwaggo Asabe ta zo daga Malumfashi yin wankan jego. Ta yi yadda ta yi wa matan gidanmu duka: ta tafasa ruwa, ta tsoma ganyen darbejiya, ta fyaɗa. Ba ta san fatar da ke gabanta ba irin wadda ta saba ba ce. Gadon bayan Rakiya ya saɓule kamar an ɓare dafaffen dankali. Gwaggo ta zauna bakin ƙofa tana duban hannunta, tana ta cewa zafin bai ko kai wanda ta yi wa yayyen Rakiya ba. Gaskiya ta faɗa.

Likitar fata ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce man ya cinye kaurin fatar, ya mai da ita ta tsohuwa tun ba a je ko'ina ba: ga jijiyoyi a fili, ga ciwo ba ya saurin warkewa. Ta ce a janye shi a hankali ƙarƙashin kulawarta, kuma baƙin zai dawo, na ɗan lokaci ma ya fi na da.

Kin san halina, sai na koma karatu. Ashe akwai wata saƙa a ƙarƙashin fata mai saki da shekaru, maiƙon jiki na raguwa, rana kuma ita ce kan gaba wajen gaggauta abin. Abin yi ba shi da yawa. Mutum ya nemi inuwa, ya sami barci, ya bar sabulu mai kaifi, ya shafa mai tun jiki na da damshi. Sai na tuna malfar da kike kifawa kan mayafi in za ki gona, da man kaɗanyar da kike murza mana bayan wanka kina cewa, "Ku tsaya tun ruwan bai bushe ba."

Duk da haka kin tsufa, Inna, ba zan yaudari kowa ba. Tamoji ya cika goshinki. Nakan ja fatar bayan hannunki ta tsaya cak, ki ce, "Bar ta, ta yi aiki ne." Tawa ma yanzu ta fara jinkirin komawa.

Amma abin da ya hana ni sukuni kunnen Ummi ne. Ranar suna mata suka yi abin da suka saba, suka duba gefen kunnen jaririya don su san launin da za ta tsaya a kai. Baƙi ne. Wata ƙawar Rakiya ta ce, "Kar ki damu, akwai na yara." Da na koma duba su, na ga 'yar roba marar suna cikin kwandon kayan jaririyar, ba a buɗe ba tukuna.

Wa'azina ta riga ta haddace shi, don haka ban maimaita ba. Na tafi Tungan Maje wajen wata mai man kaɗanya na gida, wanda ba a kashe warinsa da turare ba. Na sayo, na kai na ajiye kusa da robar, na zauna ina hira da Gwaggo.

Rakiya ta buɗe man kaɗanyar ta shinshina. Da ta ɗago ta ce, "Warin Inna." Sai ta ɗauki Ummi, wadda Gwaggo ta gama yi wa wanka, ta lakato man ta narkar a tafinta, ta fara shafawa daga kunne. Robar kuwa ni na fita da ita, da izininta.

Bayanta na warkewa a hankali, tabon zai zauna. Har yanzu ba ta son madubi, ƙawayen nan kuma ba su daina zuwa ba, shi ya sa ban saki jiki ba. Amma baƙin ya fara dawowa ta goshi da gefen ido. Ita tana ganin hasara. Ni kuwa duk zuwan da na yi sai na ga kin ƙara fitowa.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna. Ya ba Rakiya lafiya da juriya. Ya raya takwararki cikin fatar da ya ba ta, har jikokinta su ja fatar bayan hannunta ta tsaya. Amin.

Ɗanki na fari,
wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.
Abuja.