Bangon Tsakiya

Litinin, 1 ga Satumba

Ta fito! Takardar izinin gini ta fito, bayan wata biyar muna jira. Baban yara ya shigo da ambulan yana wani shan ƙamshi kamar shi ya buga hatimin. Na fizge na karanta sau uku a tsaye har albasata ta ƙone. An yarda mu ƙara gini a bayan gida: falo ɗaya da ƙaramin ɗaki a gefensa. Ƙaramin nawa ne, ɗakin ɗinki! Shekara goma sha ɗaya kekena yana ƙarƙashin matakala, ina yanka yadi a kan teburin cin abinci. Alhamdulillahi.

Laraba, 3 ga Satumba

Na fita da tef da igiya na auna wurin a ƙasa. Ashe ɗakin ya yi mini kaɗan. A takarda kamar fili, amma in teburin yanka ya shiga sai dai ni in tsaya a waje. In bangon da ya raba shi da falo ya matsa taku huɗu, shi ke nan.

Na gaya wa Baban yara, ya zaro ido. "Ki rufa mana asiri. Abin da aka buga wa hatimi za ki taɓa? Su zo su ce a rushe?"

Bango ɗaya fa na ce.

Asabar, 6 ga Satumba

Surukina ya zo. Baba shekara arba'in ya yi yana aikin gini, kuma tun rasuwar matarsa Inna yake zaune shi kaɗai a hawa na uku na benensu. Ya ɗaga zanen, ya taɓe baki: "Wanda ya zana wannan bai taɓa ɗaukar bulo ba." Daga nan ya zauna a kujerata har yamma. Wai kullum zai riƙa zuwa duba aiki. Allah ka ba ni haƙuri.

Talata, 9 ga Satumba

Na kira mai zane a kan bangon. Amsarsa: "Ya danganta." Da me? "Da abubuwa da yawa." To. Jibi zan je ofishin izinin gini da kaina.

Alhamis, 11 ga Satumba

Yau kam har a titi nake murmushi ni kaɗai kamar wadda ta zare.

Ofishin dogon ɗaki ne, benci biyu da fanka mai kuka. Aka tura ni wurin wata mata mai tabarau a kan hanci. Na shimfiɗa zanen, na nuna mata bangon da tsinin biro. Ta ce izinin da suka ba mu na abin da ake gani daga waje ne: tsayi, faɗi, inda tagogi suke, da tazarar da ke tsakaninmu da maƙwabta. "Ciki kuwa, 'yar'uwa, naki ne. Ki matsar da shi. Sharaɗi biyu: kada ki buɗe sabuwar taga ta gefen maƙwabci ba ki dawo ba, kuma in bangon yana ɗauke da nauyin rufi, sai mai duba gini ya gani ya sa hannu."

Na ce ta rubuta mini, don a gidanmu maganar baki ba ta wucewa. Ta yi dariya ta rubuta. Na liƙa takardar a jikin firij, daidai idon Baban yara.

Litinin, 15 ga Satumba

An fara haƙa! Ƙasa har cikin kicin, ko a jikina.

Juma'a, 19 ga Satumba

Abin mamaki. Magini ya ce matsar da bangon ba komai ba ne, Baba ya ɗaga masa sanda daga inda yake zaune: "Kai, a kan me rufin zai kwanta? A kan kanka?" Ashe bangon nan shi zai tallafi rufin. Na ce an gama da ni. Sai Baba ya karɓi fensir ya zana a bayan kwalin siminti yadda za a gitta ƙarfe daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "A ba ta takunta huɗu. Mai sana'a ba ta aiki a rami."

Mai duba gini ya zo da rana, ya ga kwalin, ya ce injiniya ya fitar da lissafin a takarda amma haka ɗin ne. Baba ya gyara zama kamar ba shi ba. Na kai masa shayi a kofi mai kyau.

Laraba, 24 ga Satumba

Bulo ya kai bakin taga. Na shiga ɗakina na buɗe hannuwa biyu na juya, ban taɓa komai ba!

Asabar, 27 ga Satumba

Kwana biyu Baba bai zo ba, sai na ɗauki kwanon abinci na tafi gidansa. A matakalar benensu na same shi, tsakanin hawa na biyu da na uku, zaune, leda a cinya, zufa ta jiƙa wuyan rigarsa. Ya ce iska yake sha. Wace iska a wannan lungu?

Na riƙe masa ledar muka hau. Matakala goma sha ɗaya, hutu uku. Da zan sauko maƙwabciyarsa ta tare ni, ta ce ya fi wata shida a haka, wani lokaci rabin awa yake yi a hanya. Shi ya sa in ya zo wurinmu yake wuni, don ya hau sau ɗaya a rana. Ni kuma ina nan ina jin haushin kujera.

Abin da ya ce kawai: "'Yata, kada mijinki ya ji."

Talata, 30 ga Satumba

Ya ji, ya kai Baba asibiti. Likita ya ce zuciya ce, bene ya ƙare masa. Baba ya ce ba zai zama kaya a gidan kowa ba. Baban yara ya daɗe yana kallon ginin ta tagar kicin, bai roƙe ni komai game da ɗakin ba. Da ya roƙa da na samu abin yin faɗa.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na koma wurin mai tabarau. Tambaya ce kawai: za a iya yanke banɗaki a cikin ƙaramin ɗakin? Ta ce ana iyawa, amma bututun ruwa sai mai duba gini ya gani kafin a rufe, tagarsa kuma kada ta kalli gefen maƙwabci, in ba haka ba sai an gyara takarda. Ta leƙo ta saman tabarau: "Ɗakin ɗinki da banɗaki?" Na ce masu kawo ɗinki suna gwada kaya. Ta ce hmm.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na sa magini ya faɗaɗa ƙofar, kada ya bar tudu a bakinta, ya kuma kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Ya ce, "Uwar gida, keken ɗinkin ne zai riƙe ƙarfe?" Na ce ya yi aikinsa.

Baba ya tsaya a bakin ƙofar, ya auna ta da sandarsa a gicciye. "Wa ya ce a buɗe ta haka?"

"Saboda teburin yanka ne, Baba."

Ya ce, "To, a gaishe da teburin." Sai ya shiga ya yi wa magini faɗa a kan tagar, wai ta yi sama, mai zaune ba zai ga waje ba. An sauke ta bulo ɗaya.

Na yanka labulen ɗakin da yamma. Ruwan toka, ba fure ko ɗaya. Ya fi jure datti, shi ke nan.